Ƙara Ma Tana Da Mudunta

  A wannan mako ina so mu yi magana a kan wani baƙo wanda ya shigo gidajenmu ba sallama, ya zauna har mun manta baƙo ne. Watau ƙara, irin ta injin niƙa, da ta janareta, da ta hon ɗin motoci, da ta lasifikar biki. Abin da ya sa na ɗauko maganar kuwa, wani abu ne da ya same ni a aji, wanda har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni.

Akwai wata yarinya a ajin da nake koyarwa, shekarunta ba su fi 11 ba, tana zama a bencin baya. In na kira sunanta sai na yi sau biyu ko sau uku kafin ta ɗago kai. In na yi musu shifta na ce "fata", sai ta rubuta "sata". Na ɗauka taurin kai ne da rashin kula, har na sha yi mata faɗa a gaban 'yan'uwanta. Ran nan sai wata ƙawarta ta same ni bayan an tashi, ta ce, "Malama, ai ba da gangan take yi ba. Ita ke tsaron injin markaɗen gidansu daga an tashi makaranta har magariba. Mu ma sai mun ɗaga murya take ji."

Da Asabar ta zo sai na tafi gidansu gaida mahaifiyarta. Na tarar injin yana cikin wani ɗan ɗaki kusa da zaure, rufin kwano, taga ɗaya. Yara sun yi layi da robobin wake da na tattasai. Uwar tana karɓar kuɗi, ga jariri goye a bayanta. Tsakanina da ita bai fi kamu biyu ba, amma da ihu muka gaisa. Na nemi izininta, na fito da wayata, na buɗe wata manhaja mai auna ƙara. Lamba ta hau, ta wuce 90, ta tsaya can. Ta leƙo ta ce, "Malama, wannan kuma me yake nufi?" Amsar da na ba ta a tsaye, ita zan ba ku yau a tsanake.

MUDUN ƘARA

Kowace mace ta san hatsi da mudu ake aunawa, zazzaɓin yaro kuma da ma'aunin zafi. To, ƙara ma tana da nata mudu, ana ce da shi desibel. An samo sunan ne daga Alexander Graham Bell, mutumin da aka ba shaidar ƙago tarho a ƙasar Amurka cikin 1876.

Ga yadda awon yake. Raɗa tana kai wajen desibel 30. Hira irin wadda muke yi a tsakar gida, wajen 60. Babban titi sa'ad da motoci suka cunkushe, 80 zuwa 85. Babur in kina kusa da shi, wajen 95. Jiniyar motar asibiti in ta wuce dab da ke, 110 zuwa 120. Daga wajen 120 kuwa kunne yakan fara zafi.

Amma mudun nan yana da wata ɗabi'a wadda ya kamata a lura da ita, domin ba ya hawa kamar lissafin kuɗin cefane. In ƙara ta daɗu da desibel 3 kawai, ƙarfinta ya ninka biyu ke nan. In ta daɗu da 10, ƙarfinta ya ninka goma, ko da yake kunne yakan ji kamar sau biyu ta ninka. Ga misali, in janareta biyu suna aiki gefe da gefe, kowanne yana ba da 70, jimlarsu 73 ce. Saboda haka 90 ɗin da wayata ta nuna a ɗakin injin, ƙarfinta ya ninka na hirar tsakar gida har sau dubu.

Abu na biyu shi ne daɗewa. Wata hukuma ta ƙasar Amurka mai kula da lafiyar ma'aikata, wadda ake kira NIOSH, ta ba da shawara kada mutum ya wuce awa 8 a rana cikin ƙarar desibel 85. In ƙarar ta kai 88, awa 4. In ta kai 91, awa 2. In ta kai 94, awa ɗaya tak. In ta kai 100 kuwa, minti 15. Manya majiya ƙarfi aka yi wa wannan lissafi. Yanzu ku ƙirga awa nawa ne daga tashin makaranta zuwa magariba, sa'an nan ku tuna yarinya ce 'yar shekara 11.

ABIN DA KE FARUWA CIKIN KUNNE

Sauti motsin iska ne. In ya shiga ramin kunne sai ya bugi wata 'yar fata siririya mai kama da fatar ganga, watau dodon kunne. Bayanta akwai ƙasusuwa uku, su ne mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, su ke miƙa motsin zuwa wani abu nannaɗaɗɗe mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta wajen 16,000 masu ɗan gashi a kansu, su ne ke karɓar motsin su aika wa ƙwaƙwalwa, sa'an nan mu ce mun ji.

Waɗannan 'yan gashi kamar ciyawar damina suke. In aka taka ciyawa sau ɗaya takan kwanta, gobe ta miƙe. In kullum nan ake bi, sai ta mutu wurin ya zama turba. Ita ciyawa in ruwa ya dawo takan sake tsirowa, amma na kunnen mutum in sun mutu ba su sake fitowa. Ba jini, ba ƙurji, ba zazzaɓi, shi ya sa uwa ba ta ganewa da wuri.

Amma akwai alamu. In kin dawo daga biki kika kwanta, kika ji kunnenki yana ƙugi ko yana shuu, to, ya sha duka ke nan. In yaro yana jin murya amma ba ya rarrabe kalmomi, musamman a cikin taro, a lura da shi. Siraran sautuka irin su "s" da "f" da "sh" su ke fara ɓacewa. Da na san haka a lokacin, da na gane abin da ya haɗa "fata" da "sata" a littafin ɗalibata.

Na san wata za ta ce, "Malama, ai mu mun saba, ko jin injin ba mu yi." To, 'yar'uwa, sabo turken wawa ne. Hankali ne ke sabawa ya daina kula, kunnen yana nan yana shan bugu kamar jiya. Wani lokaci ma abin da muke kira sabo, jin ne ya fara raguwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2021 cewa mutum fiye da biliyan ɗaya da rabi a duniya jinsu ya ragu, miliyan 430 daga cikinsu har suna bukatar taimakon likita. Ba duka ƙara ce ta jawo ba. Akwai sanƙarau, da ƙyanda, da ciwon kunne mai fid da ruwa, da tsufa. Amma rabon da ƙara ta ɗauka, shi ne wanda ya fi sauƙin rigakafi.

Har wa yau ɓarnar ƙara ba ta tsaya ga kunne ba. Mai barci kunnensa ba ya barci. In janareta yana ruri a gindin taga, jiki yakan zabura ko mutum bai farka ba, da safe a tashi da gajiya da saurin fushi. Likitoci sun gano daɗewa cikin ƙarar titi yana da hannu cikin ciwon zuciya. Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ɗakin barci kada ya wuce desibel 30 da dare, ajin makaranta kuma kada ya wuce 35 sa'ad da ake karatu.

WATA MAKARANTA A BAKIN HANYAR JIRGI

Bari in ba ku labarin wata mace wadda ta ɗauki wannan magana da gaske. Sunanta Arline Bronzaft, malamar jami'a ce a birnin New York na ƙasar Amurka. Akwai wata makarantar firamare a can wadda aka gina dab da hanyar jirgin ƙasa, irin wadda ke bi ta kan gada a saman titi. Azuzuwan gefe ɗaya suna kallon hanyar jirgin, na ɗaya gefen suna bayan gini inda ba ƙara. Duk bayan minti huɗu da rabi jirgi yakan wuce, malami ya yi shiru tilas sai ya shige.

Aka auna ƙarar, malamar nan kuma ta duba sakamakon karatun yaran. Cikin 1975 ta bayyana abin da ta gano: yaran aji shida na gefen jirgi, 'yan'uwansu na gefen shiru sun tsere musu a karatu da kusan shekara guda. Makaranta ɗaya, unguwa ɗaya, littafi ɗaya.

Ba ta tsaya nan ba. Ta kai wa hukuma lambobinta, iyayen yara kuma suka mara mata baya. Aka sa roba a ƙarƙashin ƙarfen hanyar jirgin, aka liƙa wani abu mai shanye sauti a rufin azuzuwan. Da ta sake dubawa, ta ba da labari cikin 1981 cewa karatun gefen biyu ya zo daidai.

Ku lura, 'yan'uwa, malaman makarantar nan sun daɗe suna kuka da jirgin. Amma sai da aka zo da lamba a rubuce aka motsa. Gani ya kori ji.

MASU SAURARON GARI

Kada wata ta ɗauka duk sauti abokin gāba ne. Akwai wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Kanada, R. Murray Schafer, wanda ya ce kowane gari yana da muryarsa kamar yadda yake da kamanninsa. Shi da abokan aikinsa a Jami'ar Simon Fraser suka bi birnin Bankuba lungu lungu da rakoda, suna ɗaukar sautin jiragen ruwa da ƙararrawa da na masu tafiya, suka fitar da aikin cikin 1973. Ya kasa sautin gari kashi uku. Akwai na shimfiɗa, wanda kullum yana nan har ba a kula da shi, kamar iska ko rurin motoci. Akwai na sanarwa, wanda aka yi don a saurara, kamar jiniya. Akwai kuma na shaida, wanda in baƙo ya ji ya san garin da yake.

Mu ma muna da namu. Wadda ta tashi a birnin Kano ta san sautin masu bugu, suna sauke sanduna a kan shadda bi da bi kamar masu kiɗa. Ta san luguden mata a turmi da hantsi, da kiran salla yana tashi daga unguwa zuwa unguwa da asuba, da muryar 'yan talla, da tambari da kakaki ranar hawan salla, da yara masu tashe cikin azumi. Ku tambayi kakanninku, za su gaya muku a da mutum yana kwance a ɗaki yakan san lokaci da kunnensa kawai. Yanzu yawancin waɗannan sun nutse a ƙarƙashin rurin inji. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano a 2013, Adaidaita Sahu ta cika titi, kowane direba kuma hannunsa na kan hon. In wutar lantarki ta ɗauke, janareta ya karɓa.

A ƙasashen Tarayyar Turai, tun 2002 doka ta wajabta a zana wa manyan garuruwa taswirar ƙara, a sabunta ta duk shekara biyar. Ana shafa wa tituna launi, mai hayaniya da nasa, mai shiru da nasa, domin masu tsara gari su san inda za su gyara. Amma na'urar awo ta ainihi tana da tsada, kuma ba a iya kafa ta a kowane lungu. Sai masana suka lura ai kowace waya tana da makirufo, tana kuma sanin inda mai ita yake tsaye. Cikin 2008 masu bincike a Faris da Burasels suka fara wani shiri mai suna NoiseTube, inda mutanen gari ke auna ƙara da wayoyinsu a tara wuri ɗaya. Cikin 2017 waɗansu masana na ƙasar Faransa suka fitar da NoiseCapture, kyauta ga masu wayar Android. A wannan shekara kuma wata mace masaniyar tsarin gari, Antonella Radicchi, ta fitar da Hush City a birnin Balin na Jamus. Ita tata manhajar wuraren shiru take nema, domin a san su a kiyaye su.

Lalle ne in gaya muku iyakar wayar. An yi makirufonta ne don magana, kuma wayoyi sun sha bamban. Cikin 2014 waɗansu ma'aikatan NIOSH biyu, Chucri Kardous da Peter Shaw, suka gwada manhajojin awo da na'urar ainihi. Suka tarar kaɗan ne daga cikinsu ke zuwa kusa da gaskiya, na Android kuma sun fi sassaɓawa domin masu ƙera wayoyin suna da yawa. Watau wayarki mudun gida ce, ba sikelin hukuma ba. Amma mudun gida ya isa ya gaya miki wace tukunya ta fi cika. In kika riƙe waya ɗaya kina aunawa da ita kullum, za ki san wane ɗaki ya fi wani, wace sa'a ta fi wata, kuma ko gyaran da kika yi ya yi amfani.

YADDA ZA KI AUNA

Na ɗaya, ki sauke manhajar awon ƙara, ko ki sa 'yarki 'yar makaranta ta sauke miki. Akwai na kyauta da yawa.

Na biyu, ki riƙe wayar a miƙe da hannu daidai ƙirjinki, nesa da bango kamar yadi guda. Kada yatsanki ya toshe ɗan ramin makirufo, yawanci yana gindin waya. In iskar hunturu tana kaɗawa, ki ba ta baya, domin iska tana ruɗa awo.

Na uku, ki yi shiru, ki bar ta ta yi aiki minti ɗaya ko fiye, in da hali minti biyar. Lambar za ta riƙa hawa da sauka. Wadda za ki rubuta ita ce matsakaiciya, domin mafi girman wataƙila wani zakara ne ya yi cara kusa da ke.

Na huɗu, ki sami littafin rubutu ki ja layi biyar: rana, da lokaci, da wuri, da lamba, da abin da ke yin ƙarar. Ki auna da safe, da la'asar, da bayan lisha, har mako guda.

Na biyar, a kiyaye mutunci. Kada ki shiga gidan mutane ko shagonsu da waya a hannu ba izini. Waɗansu manhajoji kuma suna aika wurin da kike zuwa taswirar intanet, saboda haka in a cikin gidanki kike awo, ki duba ki kashe wannan.

Wadda ba ta da babbar waya ma tana da dabara. Ki tsaya nesa da 'yar'uwarki tsawon hannu guda. In sai kin ɗaga murya take jin ki, to, ƙarar wurin ta kai wajen 85, ba wurin daɗewa ba ne.

TO, IN AN AUNA FA?

Magani na fari shi ne nisa. A fili, duk sa'ad da kika ninka tazarar da ke tsakaninki da mai ƙarar, takan ragu da wajen desibel 6. In janareta yana yadi biyu daga tagar yara, aka mai da shi yadi takwas, an rage wajen 12, kuma kun riga kun san 12 ba kaɗan ba ce a wannan mudu. Amma ina roƙonku da babbar murya, kada don gudun ƙara a shigar da janareta ɗaki, ko kicin, ko a rufe shi a lungun da ba iska. Hayaƙinsa yana da guba marar wari wadda ke kashe mutane cikin barci. A waje ake ajiye shi, bakin salansa yana kallon nesa da tagogi.

Masu injin markaɗe da na niƙa, a riƙa ɗaure kusoshin da suka kwance, a sa mai inda ya bushe, a gyara salansa in ta fashe. A ɗora injin a kan roba mai kauri don rage girgiza. Mai tsaronsa ya sa abin toshe kunne na soso ko na roba, ana samu a manyan kantunan magani da wurin masu sayar da kayan aiki. Auduga ba ta tare ƙara sai kaɗan. A kashe injin in ba markaɗe. Yaran da aka aika kuma su ajiye roba su jira a waje.

Mai goyo, kada ki tsaya da jariri kusa da inji, ko kusa da lasifika a wurin biki. Ke kina iya toshe kunnenki ko ki matsa, shi ba ya iyawa. Ki zaɓi kujerar da ta fi nisa da masu kiɗa, ko da za a ce ba ki shiga fili ba.

'Yan matana masu sa iyafis a kunne, da ku nake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar shi ne desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, 75 ga yaro. In kina sauraro wadda ke gefenki tana jin abin da kike ji, ya yi yawa. Ki rage zuwa kashi 60 cikin ɗari ko ƙasa, ki riƙa cirewa kunne ya huta.

Saura maganar maƙwabta, ita ce mai wuyar. A Nijeriya akwai doka tun 2009, a ƙarƙashin hukumar kiyaye muhalli ta NESREA, wadda ta yanka wa unguwar zama zalla desibel 50 da rana, 35 da dare. Unguwar da ta gauraya da kasuwanci kuma 55 da rana, 45 da dare. Yana da kyau a san da dokar, amma ba da ita ake fara sallama ba. Mai injin nan abincinsa yake nema, mai janareta kuma zafi ne ya kore shi kamar yadda ya kore ki. Ki fara da gidanki tukuna, da rediyonki da talabijin ɗinki da kiran yara daga ƙarshen gida. Ko cikin wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa akwai sassauta murya.

Sa'an nan ki ɗauki littafinki ki shiga wurin uwargidan maƙwabcin, ku gaisa sosai, ki ce, "Yaya, wata alfarma na zo nema. Ga abin da na auna a ɗakin yara mako guda. Ko Alhaji zai yarda a matsar da janaretan bayan gida?" In maganar ta maza ce, ki ba maigida littafin ya je da shi. In abin ya shafi layi duka, mata biyar ko shida su auna, kowacce a gidanta, a haɗa a kai wa mai unguwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ka ce wa mutum ya dame ka, sai ya ji zagi. In ka nuna masa lamba, sai ku tsaya ku biyu kuna kallon abu ɗaya.

YARINYAR NAN

Za ku so ku ji yadda muka ƙare. Mahaifiyarta ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce, "Malama, na ji. Amma in na kashe injin nan, me za su ci? Da shi nake biyan kuɗin littafinta." Ban sami abin cewa ba, domin gaskiya ta faɗa.

Ga abin da muka iya. Aka kai yarinyar asibiti, ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro, aka gwada jinta. Likita ya ce ya ragu, wanda ya tafi ba zai dawo ba, amma in an kiyaye saura zai ishe ta karatu da zaman duniya. Aka cire ta daga tsaron inji, ta koma karɓar kuɗi a ƙofar gida. Uwar da ƙaninta suke karɓa-karɓa da toshe a kunne, jariri kuma yana wurin kakarsa a cikin gida in an tada inji. Ƙarar ɗakin ba ta ragu sosai ba, domin ba kuɗin sake gini. A aji na dawo da ita bencin gaba, ina fuskantarta in zan yi magana. Na kuma nemi gafararta a gaban 'yan ajin da na yi mata faɗa a gabansu.

Wadda take shakkar jin ɗanta, kada ta ɗiga masa mai ko ruwan ganye, kada kuma ta sa masa tsinke. Ta kai shi asibiti a gwada. Manyan asibitocinmu suna da likitocin kunne, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. 'Yan'uwana malamai kuma, kafin mu ce yaro daƙiƙi ne, mu tambaya ina yake wuni.

'Yan makaranta, ga aikin gida. Kowace shekara ranar 3 ga Maris ita ce Ranar Ji ta Duniya. Kafin ta zagayo, ku roƙi malamarku ta fita da ku yawon sauraro. Ku zaga unguwa minti 20 ba mai magana, kowacce ta rubuta duk sautin da ta ji, ta ware wanda take so ya daɗe da wanda take so ya ragu. Ku auna wuri uku da waya ɗaya: bakin titi, da cikin ajinku, da wurin da ya fi ko'ina shiru. Sa'an nan ku tambayi wata tsohuwa a gidanku sautin da take ji tana yarinya wanda yanzu babu. Ku aiko wa Edita abin da kuka samu, da sunan garinku, za mu buga a wannan fili mu ga yadda garuruwanmu suke.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mana jinmu da na 'ya'yanmu, ya ba mu haƙurin zama da maƙwabta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.